Jininka bai yi ba, a kawo wani

Babu gwajin da aka wulaƙanta a ƙasar nan kamar gwajin ciwon hanta nau'in B. Ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, kafin rabin awa sakamako ya fito, kuma an samar da shi ne don a gano mai ɗauke da cutar tun hantarsa na da sauran ƙarfi, a kula da shi, a kare iyalinsa. Mu kuwa mun mayar da shi abin tantance wanda za a kora. Da shi ake fasa aure, da shi ake hana yaro aiki, da shi ake sallamar wanda ya zo taimakon ɗan'uwansa da jini. Inda ya fi dacewa a yi shi kuwa, wato ɗakin awon ciki, nan ne za ka ji ana cewa kayan gwaji sun ƙare, ko kuma a ce wa mace sai ta biya.

Duk mai shakka ya je bakin ɗakin ɗibar jini na babban asibiti ya tsaya. Mace na kwance tana zubar da jini bayan haihuwa, an ce a nemo leda biyu, miji ya kwaso ƙannensa da abokansa a cikin A Daidaita Sahu. A soki yatsan saurayi, jim kaɗan a leƙo ta taga a ce masa: "Jininka bai yi ba, a kawo wani." Magana ta ƙare ke nan. Ƙin ɗibar jinin nasa daidai ne, ba mai hankalin da zai ce a ƙara wa mai jego jinin da ke ɗauke da cuta. Amma wanda ya yi gwajin ya san abin da ya gani. Ya san wannan saurayin yana yawo da ƙwayar cutar da kan iya cinye masa hanta, ya san wataƙila akwai ta a jikin mahaifiyarsa da ƙannensa, ya san zai yi aure ya haihu. Duk da haka bai zaunar da shi ko na minti biyar ba, bai rubuta masa takardar ganin likita ba. Saurayin ya koma gida yana zaton rukunin jininsa ne bai dace da na matar yayansa ba. Bayan shekara goma sha biyar ko ashirin a dawo da shi asibitin nan, ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, ido ya yi rawaya, dangi na raɗa cewa an ba shi ne a abinci ko jifa aka yi masa. A lokacin ne likita zai girgiza kai ya ce an makara. To, wa ya makara? Asibitin ya san da cutar tun yaron na da ƙuruciyarsa, ya ga dama ya yi shiru.

Abin da tsinken gwajin ke nema wani furotin ne da ke jikin ɓawon ƙwayar cutar. A takardar sakamako za ka ga an rubuta HBsAg. Idan aka same shi a jininka, abu ɗaya tak aka gano: ƙwayar cutar tana jikinka a yau. Takardar ba ta san yaushe ta shiga ba. Ba ta san ta wace hanya ta shiga ba. Ba ta san yawanta a jini ba, ba ta san ko hantarka garau take ko ta fara tabo ba, ba ta kuma san ko kana buƙatar magani ba. Babban mutum da ya kamu da cutar da girmansa, fiye da kashi 90 cikin 100 jikinsa kan kore ta da kansa cikin watanni, ya kuma samu garkuwa ta har abada. Shi ya sa likitoci ba sa cewa cutar ta zauna sai furotin ɗin nan ya wuce wata shida a jini. Daga nan akwai gwaje-gwajen da ke biye: na auna lafiyar hanta, na ƙidaya yawan ƙwayar cutar a jini, da hoton hanta. Da su ake sanin wa zai fara shan magani, wa kuma zai riƙa zuwa ana duba shi lokaci zuwa lokaci. Gwajin farko dai tambaya ya buɗe. Mu a wurinmu shi ne hukuncin ƙarshe, ba ɗaukaka ƙara.

Haka ma wanda aka ce ba a samu komai a jininsa ba, ana sallamarsa da jahilci iri ɗaya. Ya fita yana murna, ba wanda ya gaya masa cewa rashin cutar a yau ba garkuwa ba ce, allurar riga-kafi ya kamata ya nufa daga nan. Ba wanda ya gaya masa cewa ƙwayar cutar kan ɗauki kwana 30 zuwa 60 bayan shigarta kafin gwaji ya iya ganin ta. Ba kuma wanda ke tambayar mutum ko an yi masa allurar riga-kafin a 'yan kwanakin nan, alhali allurar kan iya sa gwajin ya nuna kamar akwai cutar na ɗan lokaci.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne maganar aure. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Jihar Kano: ƙanjamau, ciwon hanta na B da na C, da gwajin ƙwayar halitta saboda sikila. Ba na adawa da dokar. Sanin lafiyar wanda za ka zauna da shi haƙƙi ne, kuma dokar da kanta ta haramta tsangwamar masu ɗauke da waɗannan cututtuka. Amma ka wajabta wa miliyoyin mutane gwaji ba tare da ka tanadi wanda zai fassara musu sakamakon ba, ka jefa su ne a hannun jita-jita. Waliyyi zai karɓi takarda, ya miƙa wa liman, liman ya ga alamar akwai cuta, ya ce shi ba zai ɗaura ba. Ba laifin liman ba ne, ba a koya masa ba. Laifin waɗanda suka ɗora masa aikin likita ne suka koma ofis suka zauna.

A unguwarmu an yi haka. Yarinya kamila, an kawo lefe, an buga kati, saura 'yan kwanaki biki, aka je gwaji aka ce tana da ciwon hanta. Uwar ango ta ce ba za a kawo mata cuta gida ba. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, kuma ba maganar hanta ake yi ba, maganar tarbiyyar yarinya ake yi. Aka zo aka kwashe akwatuna. Daga baya da wani ɗan'uwansu ma'aikacin lafiya ya matsa aka gwada mutanen gidan, sai ga ta a jikin mahaifiyar da wasu daga cikin ƙannen yarinyar. Tun tana zanin goyo take ɗauke da ita. Waɗanda suka ci naman yarinyar nan ɗanye ba wanda ya dawo ya nemi gafararta.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san cutar. A ƙasashen da ta yi katutu irin tamu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa cewa manyan hanyoyin yaɗuwarta biyu ne: daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, da kuma tsakanin yara ƙanana kafin su kai shekara biyar, ta hanyar jini da ƙananan raunuka. Jaririn da ya kamu a wannan lokacin, kusan 9 cikin 10 cutar kan zauna masa har girma, saboda garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwarin da za ta kore ta ba. Ke nan budurwa ko saurayin da aka samu da cutar da ta zauna, mafi rinjayen zato shi ne tun yarinta suka same ta. Gaskiya ne ana ɗaukar ta ta hanyar saduwa, ba mai musun haka. Amma wanda ya ga sakamako ya fara zargin alfasha, ya haɗa jahilci da ƙazafi, kuma ya san hukuncin ƙazafi a addinin da yake ikirari.

Kuma sai mu dubi kanmu. Askar wanzami guda da ke yin aski ranar suna, ta cire belu, ta yi tsaga, ta yi kaciyar yara a jere. Ƙaho. Almakashin mai yankan farce da ke bin rumfunan kasuwa daga wannan hannu zuwa wancan. Reza guda a gida kowa na aske gemu da ita. Mai kemis ɗin da ke sake amfani da sirinji. Ƙwayar cutar nan takan yi aƙalla kwana bakwai a raye a kan ƙarfe ko busasshen jini. Goge aska a jikin tsumma ba ya kashe ta. Ba ina cewa a daina sana'ar wanzanci ba, akwai wanzaman da suka waye suna amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, Allah ya saka musu da alheri. Ina cewa al'ummar da ta saki waɗannan ƙofofin a buɗe ba ta da bakin da za ta nuna amarya da yatsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin takaicin, auren nan da ake fasawa ba ya buƙatar fasawa. Cutar tana da riga-kafi mai ƙarfi, allura uku, ta farko, ta biyu bayan wata guda, ta uku a wata na shida, kuma kariyarta ta haura kashi 95 cikin 100. Idan ɗaya na da cutar ɗaya ba shi da ita, a yi wa marar ita allura, likita ya tabbatar garkuwa ta samu, su yi zamansu su haifi 'ya'ya lafiyayyu. Ba a ɗaukar ta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko musabaha, ko tari, ko gumi. Amma allura uku na buƙatar watanni, mu kuwa sai an kafa rumfa ake tunawa da gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin gwaji shi ne tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun magana na tsakanin gida biyu, ba a sa rana ba balle duniya ta ji. Kuma a sani, muddin sakamako na nufin tozarci a bainar jama'a, to za a samu masu sayen takardar bogi. Ranar da hakan ya zama ruwan dare, dokar ta tashi a banza, har ma ta zama illa, domin ango zai shiga ɗaki da tabbacin ƙarya, ba allura ba komai.

Wanda asibiti ya sallama da takarda ba bayani ba zai zauna haka nan ba. Zai nemi wanda zai yi masa magana, kuma masu jiran sa suna nan a shirye. Motar da ke tsaye a bakin kasuwa da lasifika a kanta, da shirin da aka saya a gidan rediyo da dare, da masu talla a Facebook da TikTok, kowa na rantsuwa yana da maganin da ke "wanke hanta" cikin wata guda, a koma gwaji a ga ba komai. Har shaidu suke kawowa. Ga yadda wasan yake: wanda ya kamu da girmansa, da ma jikinsa zai kore ta ko ya sha jiƙon ko bai sha ba, sai mai jarka ya karɓi yabo. Wani kuma gwajin farkon ne aka yi masa da tsinken banza da ya sha zafin rana a shago. Amma wanda cutar ta zauna masa tun yarinta, har yau duniya ba ta da maganin da ke fitar da ita daga jiki kwata-kwata. Abin da ake da shi magani ne da ke danne ta, ya hana ta lalata hanta, ya rage haɗarin ciwon daji sosai. Duk wanda ya ce maka yana warkar da ita cikin kwana talatin, kuɗinka yake so. Kuma duk abin da ka haɗiya hantar nan ce za ta tace shi. Ka ɗora wa hanta mai rauni jarka biyar ta haɗin da ba wanda ya san abin da ke ciki, sannan ka ce magani kake sha.

Ba masu lasifika kaɗai ba. Akwai masu farar riga da ke cin wannan kasuwa. Ɗakin gwajin da zai ga mutum ya firgita ya jero masa gwaji goma da ba ya buƙata. Mai kemis da zai ɗora shi a kan ƙwaya ba tare da an auna komai ba, ya sha wata biyu kuɗi ya ƙare ya ajiye, alhali dakatar da irin wannan magani kwatsam kan sa cutar ta taso da ƙarfi ta ji wa hanta rauni. Waɗannan sun fi mai lasifika laifi, domin su sun sani.

Yanzu a zo ga masu riƙe da madafun iko, don su ne ya kamata kunya ta kama. A 2018 gwamnatin tarayya ta gudanar da babban binciken gida-gida kan cutar ƙanjamau, wanda aka fi sani da NAIIS, aka haɗa da gwajin ciwon hanta. Sakamakon ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙanjamau. Masu ɗauke da ciwon hanta na B kuwa, tsakanin shekara 15 zuwa 64, kashi 8.1 ne cikin 100. Fiye da ninki biyar. Kusan mutum ɗaya cikin kowane goma sha biyu. Ka ƙirga sahun farko na masallacin unguwarku ka yi lissafi. Waɗannan alƙaluman gwamnati ne, ita ta tattara, ita ta buga. Ba za ta ce ba ta sani ba.

Duk da haka, mace mai juna biyu za ta je awo a yi mata gwajin ƙanjamau kyauta, wanda abu ne mai kyau ƙwarai, amma na hanta a wurare da yawa sai ta biya, ko a rubuta mata ta je waje ta yi, ko ma ba wanda zai ambata shi. Matar da da ƙyar mijinta ya ba ta kuɗin mota, ina za ta samo na gwaji? Alhali a nan ne gwajin ya fi kowane wuri amfani. Idan aka gano uwa na da cutar, kuma ƙwayoyin sun yi yawa a jininta, akwai ƙwayar tenofovir da za ta riƙa sha a watannin ƙarshe na cikin don rage haɗarin. Sannan jaririn a yi masa allurar riga-kafi cikin awa 24 da haihuwa, a bi da sauran alluran jarirai. Da wannan kaɗai ake yanke igiyar da ke ɗaukar cutar daga kaka zuwa uwa zuwa jika. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, yaran da ke ɗauke da cutar suka sauko daga kusan kashi 10 cikin 100 zuwa ƙasa da 1, ciwon dajin hanta a tsakanin yara ya ragu. Najeriya ta shigar da allurar cikin jadawalin riga-kafin yara tun 2004. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kaɗai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa mafi yawan mata a ɗaki suke haihuwa a hannun ungozoma. Jariri ba ya fita sai bayan suna. Wadda ta haihu a asibitin ma, in daren Juma'a ne, sai a ce ta dawo ranar riga-kafi, mai makullin firij ba ya nan. Awa 24 ta wuce tun tuni. Uwar da ta san tana da cutar za ta tayar da hankalin kowa a kai mata jariri allura ko da tsakar dare ne. Wadda ba a gwada ba, da wane dalili za ta damu?

Kada a ce mana kuɗi ne babu. Tsinken gwajin nan a hannun masu ƙera shi bai wuce dala ɗaya ko biyu ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce ana iya samun tenofovir a kan dala 2.4 a wata, idan ƙasa ta yi ciniki da gaske ta saya da yawa. Wannan ƙwaya ɗaya ce daga cikin waɗanda ake haɗawa a maganin ƙanjamau da ake rabawa kyauta a asibitocinmu. Wato wanda ke da ƙanjamau da ciwon hanta a haɗe yana samun maganin hantarsa ba ko sisi, wanda ke da ciwon hanta kaɗai sai ya sayar da akuya. Ba ina ƙyashin masu ƙanjamau ba ne, haƙƙinsu ne, Allah ya ƙara musu lafiya. Ina nuna yadda tsarin lafiyarmu yake ne: cutar da Turawa suka zuba wa kuɗi ita ce cuta, wadda ba su zuba wa ba sai ta jira. Na'urorin GeneXpert da aka rarraba a asibitoci don gwajin tarin fuka suna iya ƙidaya ƙwayar ciwon hanta idan an sayo musu abin da ake sakawa. Na'ura na nan, ma'aikaci na nan, abin da babu shi ne wanda zai sa hannu a takardar kasafi.

Masar ta gwada kusan mutum miliyan 50 cikin wata bakwai tsakanin 2018 da 2019 don ciwon hanta na C, ta kuma ba waɗanda aka samu magani kyauta. Na san na C ana warkewa, na B ba a warkewa, kada wani ya yi saurin gyara mini. Abin lura shi ne Masar ba ta soki yatsan mutum ta sake shi a titi ba. Gwaji da magani tare suka zo.

Mu namu aikin na ranar 28 ga Yuli ne, ranar ciwon hanta ta duniya. A buga riguna da huluna, a yi tattaki, kwamishina ya karanta jawabin da aka karanta bara, a gwada mutum ɗari biyu ko uku a ƙarƙashin rumfa a gaban 'yan jarida, waɗanda aka samu da cutar a ce su je asibiti, a naɗe tabarma sai baɗi. Ranar nan an zaɓe ta ne don ita ce ranar haihuwar Baruch Blumberg, likitan Amurka da ya gano furotin ɗin da gwajin ke nema a cikin jinin wani ɗan asalin Ostireliya, ya wallafa a 1965, ya samu kyautar Nobel a 1976. Mutumin nan a 1957 ya zo Najeriya yana tattara samfurin jini, har da na Fulani makiyaya da na dabbobinsu. Shekara sittin ke nan da ilimin yana hannun duniya. A 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da cutar a duniya, ta kashe kimanin miliyan 1.1 a shekarar kaɗai, kuma kashi 13 cikin 100 ne suka san suna da ita. A nahiyar Afirka, inda ake da kimanin miliyan 65, waɗanda suka sani ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ƙasashen duniya, har da tamu, sun yi alkawari a 2016 cewa za su kawar da barazanar cutar kafin 2030. Da rigunan tattaki za mu kai?

Masu ɗaukar ma'aikata da wasu makarantu su ma suna da nasu kason. Yaro ya yi karatu, ya ci jarrabawa, ya wuce ganawa, sai a gwajin lafiya a soke sunansa a asirce. Akawu mai ciwon hanta wa zai shafa wa cuta, takardun ofis? Direba fa? Malamin makaranta fa? Ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar, ta daɗe tana irin wannan zalunci, har a 2010 gwamnatinta ta hana yin gwajin a matsayin sharaɗin shiga makaranta ko ɗaukar aiki. Mu har yanzu muna jin daɗin korar lafiyayyun matasa, sannan mu yi mamakin yadda mutane ke gudun gwaji.

Na san akwai masu cewa, to, in ba za a iya yi wa kowa magani ba, mene ne amfanin tayar wa mutane da hankali? Wannan magana ce ta malalaci. A Gambiya an bi ƙauyuka da unguwanni an gwada dubban mutane a wani bincike da aka wallafa a 2016. Kusan 9 cikin 100 na da cutar, amma cikinsu kimanin 1 cikin 20 ne kaɗai ke buƙatar fara magani nan take bisa ma'aunin wancan lokacin. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2024 sun faɗaɗa ma'aunin, masu shan magani za su ƙaru, amma har yanzu ba kowa ba ne. Kuma wanda ya sani yana da abin yi ko ba a ba shi ƙwaya ba. Zai kai matarsa da 'ya'yansa a gwada su a yi musu allura. Zai ware rezarsa da burushinsa. Zai nisanci barasa da jiƙe-jiƙen da ba a san kansu ba. Zai guji gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna, domin gubar da ke cikinsu idan ta haɗu da wannan cuta haɗarin dajin hanta ninkuwa yake yi, mu kuwa ƙuli-ƙuli da tuwon masara abincinmu ne na kullum. Cikin waɗanda suka kamu tun yarinta, kusan ɗaya cikin huɗu ne cutar kan kai ga ƙandarewar hanta ko daji idan ba a kula ba. Ba wanda zai iya nuna wannan ɗayan da ido. Sai da bibiya ake gano shi tun da sauran dabara.

Saboda haka, ranka ya daɗe kwamishinan lafiya, na kowace jiha, abin da ake nema bai fi ƙarfinka ba. A sa gwajin HBsAg cikin awon farko na kowace mai juna biyu, kyauta, a rubuta sakamakon a katinta. A ajiye allurar jarirai a ɗakin haihuwa dare da rana, a kuma haɗa kai da ungozomomi da masu unguwanni don jaririn da aka haifa a gida. A kafa doka a kowane ɗakin gwaji da wurin ɗibar jini cewa ba a sallamar wanda aka samu da cutar sai an keɓe da shi an yi masa bayani, an ba shi takardar ganin likita. A tara limamai a koya musu abin da takardar nan ke nufi, tunda an riga an ɗora musu ita. Gidajen rediyon da ke sayar da lokaci ga masu ƙaryar warkarwa kuma a ja musu kunne.

Kai kuma ɗan'uwa, kada ka jira sai ranar da aka sa maka rana ko aka kira ka bayar da jini. Ka je asibitin da ka yarda da shi ka ce a yi maka gwajin ciwon hanta na B. In babu, ka nemi allura. In akwai, kada ka bar wurin sai ka ji wane likita za ka gani da kuma wane gwaji ke biye, sannan ka kawo mutanen gidanka. Ke kuma 'yar'uwa mai juna biyu, ranar awo mai zuwa ki tambayi malamar asibiti ko an yi miki wannan gwajin, in ba a yi ba ki nace sai an yi. Ranar da Allah ya sauke ki lafiya, ko a ɗaki kika haihu, a kai jaririn allura kafin awa 24 ta cika, kada a jira suna.